Sarauniya Mai Ɗigon Jan Farce

"Feshe su duka, kada ka bar ko ɗaya!" in ji maigida, yana nuna wa mai feshi layin tururuwan da suka addabi kicin.

Matarsa ta riƙe haɓa. "Haba maigida! Kai da ka cika mana ɗaki da kwalaben kiwon tururuwa?"

"Waɗannan na bola ne. Nawa masu asali ne."

Masu asalin dai shekara guda ke nan ba su kafa masa gida ba. Da an ɗauke ruwan sama sai ya fita ya kamo sarauniyar tururuwa, ya sa ta a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, ya auna mata ruwan sukari da sirinji. Sati biyu ta mutu. Wadda ta fi ƙona masa rai ita ce wadda ya ɗiga wa jan farcen matarsa don shaida, washegari ya tarar da kwalba wayam.

Mai feshi ya gama, ya janye kabad. Bayansa tururuwa ne jibge da ƙwai fari fat, duk sun sandare.

"Kai, ban taɓa ganin gida irin wannan ba," in ji shi. Ya tsinto wata ƙatuwa. "Ga uwar tasu. Wa ya yi mata kwalliya?"

Maigida ya karɓa. Jan ɗigon na nan daram a bayanta.

Matar ta leƙo, ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ashe ni ce mai kiwon. Sukarin nan ne fa da kake min faɗan zubarwa."