Asalin Sunayen Dodanni Huɗu

Saura minti goma a fara tattaunawar, Farfesa ya riga ya shanye kofi uku na ruwa.

Ba farfesa ba ne. Malamin firamare ne da ya yi ritaya, 'yan guruf ne suka laƙaba masa sunan. Guruf ɗin na masoya wani gem ne da ake bugawa a waya, inda wata yarinya ke neman hanyar fita daga wani gida mai ƙofa huɗu, kowace ƙofa da dodon da ke tsaronta. Mutum fiye da ɗari bakwai ne a ciki, yawancinsu sa'annin 'ya'yansa, kuma ba abin da ke hana su sukuni kamar sunayen dodannin nan. Zarfu, Kwadal, Miringa. Daga wane harshe aka ɗauko su? Daga tatsuniyar waɗanne mutane?

Da farko kowa harbin iska yake yi. Wani ya ce gumakan mutanen da ne, wani ya ce aljanun teku. Wata ɗaliba ma ta kawo shawarar a bar tatsuniya a nemo wadda ta ƙirƙiri gem ɗin, a binciki gidan da ta tashi. Ranar ce Farfesa, wanda ya yi wata uku a guruf ɗin ko tari bai yi ba, ya turo bayani mai shafi shida. Ya ce Zarfu sarkin iska ne a wata tsohuwar almara ta makiyaya, Kwadal ƙaninsa ne mai tsaron rijiya, Miringa kuma uwar duhu. Ya tsara zance daki-daki kamar mai ba da darasi a aji. Aka manta da shawarar ɗalibar.

Sai ya yi kuskure ɗaya. Ana cikin musu a kan ƙofa ta huɗu, wadda ba a riga an saki ba, ya rubuta cewa dodonta Gwarkum ne. Ya goge cikin sauri, amma an riga an ɗauki hoton saƙon. Bayan wata biyu aka saki ƙofar, ga Gwarkum a tsaye. Daga ranar maganarsa ta zama yankan wuƙa, shi kuwa ya rasa barcin kirki, don babu almarar makiyaya ko ɗaya. Shi ya ƙaga ta da kansa a kan teburin ɗakin karatunsa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shugaban guruf ɗin, wani mai kemis da ba ya jin bari, ya yi ta naci har mai gem ɗin ta yarda ta yi magana da su kai tsaye, da murya kawai, don ba ta nuna fuskarta. Kuma wa ya cancanci yin tambayar farko in ba Farfesa ba?

Ya ce ba shi da data, mai kemis ya tura masa. Ya ce mura ta dusashe masa murya, mai kemis ya aiko da maganin tari har gida. Ya roƙa a bar shi ya rubuta tambayar kamar yadda ya saba, tunda shekara biyu bai taɓa tura saƙon murya ba. Aka ce ai wannan ne ma dalilin da kowa ke ɗokin jin sa.

Yanzu ga shi a ɗan ɗakin karatunsa, tsakanin kabad da tebur, fanka na juya iska mai zafi. Ya yi tunanin kashe wayar ya ce ta lalace. Yana kai hannu ke nan matarsa ta shigo da kujerar roba, ta ajiye a bakin ƙofa ta zauna. Matar da ko amsa kira sai an danna mata.

"Ki je ki huta mana, abin yara ne," in ji shi.

"Na huta shekara goma sha ɗaya, Malam. Kunna."

Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban sufeton makarantu. Ƙofar ɗaya ce, kuma tana zaune a cikinta. Ya kunna.

Mai kemis ya yi dogon jawabin maraba. Baƙuwar ta yi godiya a taƙaice, muryarta a natse. Matar Farfesa ta kama bakin mayafinta ta danne da haƙori. Sannan aka ce ga gwanin gwanaye, mutumin da ya gano Gwarkum tun kafin a haife shi, bismillah.

Ya kalli takardar da aka rubuto masa. Layi ɗaya ne. Ya buɗe makirfo, ya karanta a hankali yana ƙoƙarin siranta murya: 'yan guruf suna so su san daga wace tsohuwar almara ta samo sunayen dodanninta.

Mai kemis ya fara tambaya ko layi ne ya yanke.

"Ina nan," in ji baƙuwar. "Ba daga almara ba ne. Bulalai ne guda huɗu da ake ratayewa a bayan ƙofar gidanmu, gidan da na bari shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kowace da sunanta, kowace da irin laifin da ake ɗauko ta dominsa. Abin da sunayen ke nufi kuwa ban taɓa samun bakin tambaya ba, amma tunda ga wanda ya raɗa musu a kan layi, sai ya gaya mana duka. Ina wuni, Baba?"