Asusu Mai Ƙofa Biyu

Kafinta ya tsufa, hannu ya fara rawa. In ya ɗora ƙusa a kan katako, guduma sai ta sauka a kan yatsa. Masu kawo aiki sun janye ɗaya bayan ɗaya. Bencin ƙofar shago, wanda a da sai an matsa wa juna a kansa, yanzu shi kaɗai ke zama.

Ana haka mai shagon ya zo ya ce zai sayar. Saboda daɗewar zama, shi ya fara yi wa tayi. In ba hali, ƙarshen wata ya kwashe kayansa.

Shagon nan shi ya rage masa. In ya mallake shi, ko ya kasa riƙe zarto, ya ba wani haya ya ci abinci. In ya rasa shi, ba na cefane, ba wurin wuni. Ya ce to, ya ji. Bai roƙa ba. Shi ba ya roƙo.

Shekarun baya, lokacin da aiki ke bin sa har gida, matarsa ta sa shi ya ƙera mata asusu. Ba irin na yara ba. Akwati ne guda, katako mai kauri, ba murfi, sai 'yar tsaga a sama. Ta ce na ranar da guduma za ta fi ƙarfinsa ne. Ya yi dariya, ya ce ta cika hangen wahala.

Duk ranar da aka biya shi aiki, sai ta tare shi a bakin ƙofa da hannu a buɗe.

"Malam, kason tsoho."

Tsohon da take nufi shi ne, shi na gobe. Yana ba ta, ta ƙara da na ɗinkinta, ta naɗe takardun kuɗin siriri ta tura ta tsagar.

Amma shi ya buga ƙusoshin gindin akwatin, ya kuma san yadda zai zare su ba tabo. Farkon abin, wani aboki ne ya zo da lalura, kuma Kafinta ba ya son a ce ba shi da shi. Ta fita unguwa, ya kifa akwatin, ya ɗiba, ya mayar da katakon. Ya ce wa ransa rance ne. Daga nan sai takalmi, sai shayin 'yan benci masu kiransa mai sakin hannu. Daga baya ya daina neman dalili. Don kada ta ji nauyin ya ragu, sai ya riƙa zuba tsofaffin ƙusoshi da sassaƙen katako.

Ita kuwa takan ɗaga akwatin ta girgiza, ta ce, "Ka ji tsohon nan, sai ƙiba yake."

Bara ta rasu bayan doguwar jinya. Tun da ta kwanta bai sake taɓa akwatin ba. Ya san babu abin taɓawa.

Auta, ƙaramar 'yarsu da ke aure a wani gari, ta ji labarin shagon ta zo da safe. Ko gyale ba ta cire ba ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ta ce ai Inna ta bar mata sallahu, duk ranar da Baba ya shiga matsi a fasa.

Ya ce ta bar shi, katakon mai kyau ne, asara ce a fasa.

"Baba ke nan. Katako ya fi shago?"

Ta miƙa masa guduma. Ya riƙe ta ya ƙi bugawa, har ta karɓe ta buga da kanta.

Ƙusoshi masu tsatsa suka zube a ƙasa, sassaƙe ya biyo baya. Ta tona, ta sake tonawa. Ta tambaya ko ɓarawo ya taɓa shiga gidan. Ta juya gindin akwatin, ta ga ramukan ƙusa sun buɗe saboda yawan zarewa. 'Yar kafinta ce. Ba ta sake tambaya ba.

Cikin sassaƙen ta tsinci 'yan takardun kuɗi, sababbi, an naɗe su siriri. Ta warware su a kan cinyarta, ta daɗe tana kallo.

"Ni na kawo mata waɗannan, na magani. Ta ce min ta saya."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye su a kan gado, ta share ƙusoshin ta tara a kwano, ta ce za ta koma kada ta rasa mota. Har yau takan aiko da ɗan abin da ya samu. In ta kira, gaisuwa ce kawai.

Wata ya ƙare, shago ya zama na wani. Mai sayar da waya ne a ciki yanzu. 'Yan benci sun sami wani bencin. Babu wanda ya san hanyar gidan Kafinta.

Yana wuni a ɗaki da kwanon ƙusoshin a gabansa, yana miƙar da su ko wani zai saya. Ya buga ƙusa, ta yi tsalle, ya laluba ya ɗauko. Ba mai ce masa sannu.

Kai da ke da ƙarfi yau, ka ji. Abin da ka ajiye don tsufa ba naka ba ne, na wani tsoho ne da ba shi da kowa sai kai. Ka ajiye shi inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi. In ka taɓa, kada ka kira shi rance. Sata ce, kuma kai za ka zauna da wanda aka yi wa.