Ta Hujin Zana

Na manna ido a hujin zana. Mutane na kiran wannan leƙen asiri, ni kuwa na kira shi neman haƙƙina. Ni ce 'yar cikinta, amma tun da yayana ya tafi cin rani Kano, Inna ba ta haɗa turaren wutan da ya yi mata suna a Matamaye sai ta aike ni, ta ja matarsa bayan ɗaki. Baƙuwar jiya daga Dungu, ita za a ba sirrin gidanmu?

Inna ta barbaɗa haɗin a kan garwashi, ta sunkuya har hayaƙi ya rufe mata fuska. Ta daɗe tana shaƙa kafin ta ɗago ta dubi surukarta.

"Ya yi?"

"Da saura, Inna. Gajiji ya yi yawa."

"Ni ko ƙauri ba na ji yanzu." Ta share ido da bakin zane. "Ki rufa mini asiri, 'yar nan, kada ta sani. Tun tana ƙarama take cewa babu mai hanci irin na uwarta."

Na sulale na koma ɗaki.

Da yamma Inna ta miƙo mini kasko tana murmushin gwanaye.

"Shinshina ki ji."

Gajiji har yanzu ya ɗan yi yawa. Matar yayana ba ta ji ba. Ni na ji.

Na ce, "Babu mai hanci irin naki, Inna."