Daddawa a Tulun Matafiya

A kan wata tsohuwar hanyar fatake, inda ake yini ana tafiya ba a ga ko bukka ba, akwai wata kuka mai kogo. A cikin kogon an binne tulu har wuya, an kife bakinsa da kasko, an danne da dutse. Ba wanda ya san mai tulun, amma duk wanda ƙafarsa ta saba da hanyar ya san dokarsa. In ka ɗauka sai ka ajiye, abin da ka ajiye kuma kada ya gaza wanda ka ɗauka. Ba a sa abin ci, ba a sa abu mai wari. In ka gama ka mayar da kasko, ka mayar da dutse yadda ka same su. Shi ya sa ba a rasa allura da zare a ciki, ko aska, ko guntuwar igiyar guga. Abu ɗaya ne ba a musayarsa, wani ƙunshin fata mai garin maganin sarar maciji. Shi mai bukata ke ɗiba, in Allah ya tashi kafaɗarsa ya dawo ya cika.

To, akwai wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, masu kai kanwa kasuwa a kan jakuna. Wata rana mangalarsu ta yage a gindin kukar. Wan ya buɗe tulun ya ɗauki basilla, ya zaro ƙyastunsa, ƙarfen nan da ake ƙyasta wuta da shi, wanda ya naɗe wa mariƙi da jar fata, ya jefa a ciki. Ƙanen ya ce, "Haba Yaya, ƙyastu guda a kan basilla?" Wan ya ce, "Kai dai ɗora dutsen. Ba mu san abin da zai koro na bayanmu ba." Bayan mako uku suna dawowa, da hantsi, kububuwa ta sari wan a agara yana gyara kaya. Ƙanen ya yagi rawaninsa ya ɗaure ƙafar, ya zubar da kayan jaki ɗaya ya ɗora ɗan'uwansa, ya kora da gudu yana cewa, "Yi haƙuri Yaya, ga kuka can, magani na nan." Da suka isa sai ya tarar da dutsen a yashe gefe, kaskon a karkace. Tun bai sa hannu ba wari ya buge shi. Wani ne ya bar daddawa a ciki. Ɓeraye sun bi warin sun shiga, sun cinye daddawar, sun zarce kan ƙunshin fatar sun gaigaye shi, garin maganin ya watse ya cakuɗe da ƙasa da kashinsu. Ya yi ta kwalfar gindin tulun da farce ko ya tara abin da zai cika cokali, bai tara ba. Kafin la'asar wan ya cika, kansa a kan cinyar ƙanen, ƙafarsa ta kumbura kamar turmi. Ƙanen shi kaɗai ya haƙa kabarin da wuƙa da hannuwansa, jakunan na tsaye suna kallonsa.

Ranar kasuwa, a gari na gaba, ya hangi wani falke a bayan kwandon daddawa yana ƙyasta wuta zai kunna lofe. Jar fatar ya fara ganewa. Ya tsaya a kansa ko sallama bai yi ba, ya ce, "Malam, ina ka samo ƙyastun nan?" Falken ya ce, "Tulun kuka mana. Kuma ba a banza na ɗauka ba, daddawa curi uku na bari, irin wadda ko a gidan biki ba a samu." "Dutsen fa, ka mayar?" "Sauri nake yi, rana ta yi. Dutse ne dai, wani zai mayar." Ƙanen ya gaya masa abin da ya faru. Falken ya zuƙi lofensa ya ce, "Allah ya jiƙansa. Amma ni mene ne nawa a ciki? Ɓeraye ne suka yi ɓarna, ni alheri na bari." Nan ƙanen ya shaƙe masa wuyan riga, kwandon ya kife, sai da mutum huɗu suka ɓamɓare hannunsa. Ana riƙe da shi yana cewa, "Alherin naka ne ya cinye mini ɗan'uwa. Ka ɗauki ƙarfe ka bar ruɓa, ka ɗauki abin da zai shekara goma ka bar abin da ba zai yi mako ba. Tulun nan ba juji ba ne, amanar mutanen da ba ka taɓa gani ba ce."

Har kasuwa ta watse falken yana tsintar daddawarsa a ƙasa, yana hure mata ƙura, yana rantsuwa hannunsa tas yake, ɓera za a tambaya. Shi kuwa ɓera bai san doka ba, bai yi wa kowa alkawari ba, hancinsa kawai ya bi. Wanda ya san dokar ya take ta shi ya kira ɓeran. Dama masu iya magana sun faɗa: in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.