Babur Na Hanyar Rafin Tukurwa

Mutumin bai ko kalli jajayen ƙananan baburan nan, roba-roba, da ke ƙyalli a bakin shago ba. Kai tsaye ya wuce ciki, ya durƙusa gaban wani dogon babur, ya sa tafin hannu yana auna tsakanin cikin injin da ƙasa.

"Oga Chidubem, wannan zai iya hanyar burji?"

Shekara goma sha tara ke nan Chidubem yana sayar da babura a Tudun Wada, kuma amsa ɗaya gare shi ga kowane mai saye, a kan kowane babur. Ya daki sirdin ya ce, "Malam, wannan ko kan dutse ka ce ya hau, zai hau!" Maganar ta zame masa kamar gaisuwa, fita take yi ba tare da ya sani ba. Bai ma yi mamakin yadda baƙo ya san sunansa ba. Wa bai san shi ba a layin nan?

Mutumin bai yi dariya ba. Ya ce sunansa Salmanu, malamin firamare ne a Rafin Tukurwa, wani ƙauye da mota ba ta shigarsa in damina ta zauna.

"Mace mai naƙuda zai riƙa ɗaukowa zuwa asibiti. Don girman Allah ka gaya mini gaskiya."

Nan Chidubem ya tuna da nasa iyalin. Shi da asibiti ke bayan gidansa ma, duk haihuwar da matarsa Adaugo ta yi sai da ya kusa zarewa. To ina ga wanda ke da rafi da duwatsu tsakaninsa da likita? Sai ya ajiye zaƙin bakin ciniki a gefe, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ya ce dogon nan sirdinsa siriri ne, ga tauri, mai ciki ba za ta zaunu ba. Ya ja Salmanu can ƙurya, ya nuna masa wani baƙi marar kwalliya: tayoyi masu haƙora, wili mai waya wanda ko ya lanƙwashe a miƙe shi, shokozoba mai laushi, ga farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji.

"Waɗancan na bakin ƙofa kuwa kayan kwalta ne, na zuwa unguwannin Kongo da Hanwa. Dutse ɗaya ya daki cikinsu, an gama."

Salmanu ya dube shi. "Ashe ka sani," ya ce a hankali.

Ya ce ba zai saya ba sai ya gwada. Dama tun zuwansa ya ajiye wani buhun masara a bakin shago, nauyin mutum guda. Ya ɗora shi a baya, ya ciro wani shuɗin zani daga jaka, ya zagayo da shi ta bayan buhun ya ƙulle a cikinsa, yadda ake ɗaure marar lafiya da mai tuƙi kada ya sulale. Garin ciro zanin sai gwangwanin madarar jarirai ya faɗo.

Chidubem ya tsince shi yana tsokana. "Kai, Malam! Tun ba a sauka ba har an fara sayayya? Allah ya raba lafiya."

Salmanu ya karɓa ya mayar cikin jaka.

Chidubem bai taɓa barin babur ya fita gwaji ya wuce ƙarshen layi ba. Ranar sai ga shi ya rufe shago, ya hau nasa ya bi bayan mutumin, don hankalinsa ba zai kwanta ba sai ya ga hanyar da matar nan za ta bi.

Hanya ce ta tashin hankali. Kwalta ta ƙare, burji ya karɓa, burjin ma ya koma tsakuwa da ramukan da ruwa ya ci. A ƙofar wani gida a Rafin Tukurwa Salmanu ya juya kan babur, ya duba agogo, ya kamo hanyar gari. Baƙin babur ɗin nan ko gezau. A wani kwari mai duwatsu ne kawai Salmanu ya rage gudu, leɓɓansa suna motsi, sannan ya ja mai ya haye.

Ana kiran la'asar suka tsaya a ƙofar asibiti.

"Minti arba'in da ɗaya," in ji Salmanu.

Daɗi ya kama Chidubem har ya tafa hannu. "Ka gani ko! Wallahi uwargida za ta iso lafiya. Wane wata take ciki?"

Salmanu ya kwance zanin, ya ninke shi da kyau, ya rungume a ƙirji.

"Rauda ta rasu bara, a kwarin nan da muka wuce. Dutse ya fasa mana cikin inji. A nan ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Yarinyar tana wurin kakarta. Wannan sadakarta ce, a ƙofar masallaci zai zauna don matan garinmu."

Salmanu ya laluba aljihu, ya kamo hannun Chidubem, ya sa masa wani ɗan makullin roba-roba mai tsatsa, maƙale da mariƙin da ke ɗauke da sunan shagonsa.

"Ga makullin wancan. Shi ma ka ce mini ko kan dutse zai hau."