Tafkin da Ba a Shiga

Kwana goma sha tara ke nan Malam Lauwali yana kallon rufin kwano ɗaya. Ɗakin yana can ƙuryar wani gida a Nima, unguwar zango ta babban birnin Gana, tagarsa ɗaya, ita ma lungu take kallo, ta nan warin babbar kwata ke shigowa tare da ƙamshin shinkafa da waken da Mma Awabu ke sayarwa. Ƙofar kuwa ta waje ake sa mata sakata.

Ba ɓarawo ba ne. Malamin lissafi ne daga Gusau, ya ba da kansa ga aikin sa-kai, wata ƙungiya ta turo shi Gana a 1988 ya koyar a wani ƙauyen manoman doya can bayan Nkawkaw. Daminar bara a ƙauyen kakarsa ya yi ta yana jiran takardu, yana taya ta noma, yana cika wa abokai baki cewa zai je ya wayar wa mutanen daji kai.

Gaskiya ya yi ƙoƙari. Ajinsa gindin mangwaro ne, allonsa tsohon ƙyaure. Sakwara yana haɗiye ta kamar magani, magana rabi da baki rabi da hannu. Yara suka so shi, shi ma ya so su, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato tafkin garin. Shi kaɗai ne ruwan shansu, amma ba mai sa ƙafa a ciki, yaro ko babba. A kan wani kututture ake tsayawa a miƙa ƙwarya mai dogon mariƙi a ɗebo. Lauwali ya yi dariya, ya rubuta a littafinsa cewa mutanen nan aljanin ruwa suke bauta wa.

A watansa na biyar wani ƙurji ya fito masa a idon sawu, yana ƙuna kamar an ɗora garwashi. Ranar da ya fashe, da rana tsaka, kowa yana gona, ya ɗingisa zuwa tafkin ya shiga har gwiwa. Wayyo daɗi! Yana nan tsaye wata mata ta gan shi, ta dubi ƙafar, ta saki tulu ta kurma ihu.

Ba wanda ya taɓa shi. Kafin la'asar dai an ɗora shi kan motar doya kamar buhu. Mai garin ya raka shi har bakin hanya yana share hawaye, Lauwali ya ce a ransa munafunci dodo ne. Aka kawo shi Nima wajen ƙanwar mai garin, Mma Awabu, wadda duk zango ya san ta da cire kurkunu.

Kowace safiya takan zo da tsinkenta, ta jawo farin zaren tsutsar daidai gaɓar yatsa, ta naɗe, ta ɗaure da tsumma. Ba a gaggawa, don in ta tsinke a ciki ƙafar na iya sanƙarewa har abada. Ruwan da ta wanke gyambon ba ta zuba shi a kwata, a kan garwashin murhu take juye shi. Wannan ma ya ce camfi ne. In ta fita sai ya ji ƙarar sakata, tun ranar da ta kama shi yana rarrafe zuwa wajen duron ruwan gidan.

Abin da ke cinsa shi ne ƙarshen wata. In bai bayyana a ofishin ƙungiyar ba, za a rubuta ya gudu daga bakin aiki, a mai da shi Gusau da kunya, shi da ya tafi da cika baki. Saboda haka ya rubuta takarda shafi huɗu: mutanen ƙauyen sun shayar da shi ƙazamin ruwa, ya kamu, suka kore shi don ya taka wurin tsafinsu, kada a sake tura musu malami. Takardar tana ƙarƙashin matashinsa, ba ta da ƙafa, shi ma haka.

Saura kwana biyu wata ya ƙare, ya kasa daurewa.

"Mma, ki buɗe mini ƙofar nan. 'Yan'uwanki sun shayar da ni cuta, sun kore ni, ke kuma kin kulle ni. Ko da rarrafe sai na kai ƙararsu."

Ba ta ɗago ba, tana naɗe tsinkenta a hankali.

"Ticha, kana da ilimi sosai paa, amma ka zauna ka ji. Zamanin babana wannan abu ya kwantar da garinmu lokacin shuka, yunwa ya kashe yara. In ƙafa mai shi ya taɓa ruwa, nan yake zuba 'ya'ya. Shi ne babana ya sa doka. Shekara talatin, ko mutum ɗaya bai sake yi ba. Yanzu an rufe tafki. Mata na zuwa rafi, mil huɗu, har masu ciki."

Duk da haka bakinsa bai mutu ba.

"To in ruwanku mai tsabta ne, ni a ina na sha?"

Sai a lokacin ta dube shi, kallon tausayi, irin wanda mai garin ya yi masa a bakin hanya.

"Shekara guda yake kwana cikin jiki kafin ya leƙo, Ticha. Kai wata biyar ka yi a wurinmu. Ba ka sha a garinmu ba, daga gida ka kawo mana."