Gidan da Bai Manta da Malam Jibo Ba

Kowace asuba na'urar da ke kula da gidajen unguwa takan mayar da kowane gida yadda aka tsara shi tun farko. Shi ya sa har yanzu ake ɗumama wa Malam Jibo ruwan alwala, alhali an binne shi tun kafin azumi.

Tanimu mai gyara ya tsuguna gaban matar marigayin, waya a hannu.

"Inna, in na kashe da hannu, gari na wayewa take mayarwa. Sai dai na goge sunansa daga uwar tsarin."

"In ka goge fa?"

"Gidan zai manta da shi."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ni ma kai za ka goge ni, ɗan nan?"

Tanimu ya mayar da wayar aljihu.

"Mu bari sai bayan Sallah, Inna."